Mazauni da Fuskanta: Yadda Siffar Ƙwaya Ke Tsara Kiristal ɗin Koloyid

Duk wanda ya taɓa haɗa tawadar allo ya yi aiki da abin da masana kimiyya ke kira koloyid, ko da bai taɓa jin sunan ba. Baƙin da ke cikin tawada bai narke ba irin yadda gishiri ke narkewa. Ɓarɓashin gawayi ne ƙanana ainun da ke yawo a cikin ruwa, ƙaron da aka zuba kuma shi ke lulluɓe su ya hana su dunƙulewa su kwanta a gindin kurtu. Madara ma haka take, haka fenti, haka jan ruwan da ke gangarowa da laka bayan an ɗauke ruwan sama. Thomas Graham, masanin sinadarai ɗan Sikotilan, shi ya raɗa wa irin wannan cakuɗa suna a 1861, daga kalmar Girkanci mai nufin abin manne. Girman ƙwayoyinta yana kamawa daga 'yan nanomita zuwa kusan maikiromita ɗaya ko sama da haka kaɗan (maikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, nanomita kuma kashi ɗaya cikin dubu na maikiromita), alhali kaurin gashin kai guda yakan kai maikiromita 50 zuwa 100.

Wannan girma na tsaka-tsaki shi ne sirrin al'amarin. Ƙwayar ta yi ƙanƙantar da molikul ɗin ruwa, wato ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka zama ruwan kansa, masu kai-komo saboda ɗumi, za su riƙa tunkuɗarta ta kowane ɓangare, don haka ba ta taɓa tsayawa cik. Tana gusawa, tana kuma juyawa a kan kanta. Robert Brown ya lura da wannan rawar a 1827, Albert Einstein ya bayyana dalilinta a 1905, Jean Perrin kuma ya tabbatar da bayanin ta hanyar gwaji 'yan shekaru bayan haka. A ɗaya ɓangaren kuma ƙwayar ta yi girman da za a iya ganinta ɗaya bayan ɗaya a madubin ƙara girma. Tun da kowace ƙwaya tana gwada wurare da juyi iri-iri ba dare ba rana, idan suka yi yawa a ƙaramin fili sukan jera kansu cikin tsari mai maimaituwa ba tare da hannun kowa ba, shi ne ake kira kiristal ɗin koloyid. Dutsen ado na ofal, wanda ake haƙowa a Ostareliya da yankin Wollo na Habasha, misali ne daga halitta: a 1964 J. V. Sanders ya nuna cewa launukansa masu walƙiya suna fitowa ne daga ƙwallayen silika (sinadarin da ke cikin yashi), masu faɗin 'yan ɗaruruwan nanomita, da suka jeru sahu bisa sahu.

Sai dai kalmar tsari a nan ta ƙunshi abu biyu da ya kamata a raba su tun da wuri. Na farko tsarin mazauni, wato kowace ƙwaya ta sami gurbinta a jeri mai tazara ɗaya. Na biyu tsarin fuskanta, wato ƙwayoyin su dubi ɓangare ɗaya. Jama'ar da ke cikin kasuwa ba su da ko ɗaya daga biyun. Masallata a sahu suna da duka biyun, domin kowa yana gurbinsa kuma kowa ya fuskanci alƙibla. Ayarin da ya kama hanyar filin idi ya fuskanci gaba ɗaya, amma ba wanda yake da tsayayyen gurbi a cikinsa. Ɗalibai kuwa kafin malam ya shigo, kowa yana kan kujerarsa amma wannan ya juya baya, wancan ya dubi taga. Duka waɗannan halaye huɗu ana samunsu a koloyid, kuma abin da ya fi kowane tasiri wajen zaɓen wanda zai bayyana, da wanda zai riga wani zuwa yayin da ake ƙara cunkoso, shi ne siffar ƙwayar.

Mulmulallen ƙwallo ba shi da gaba ba shi da baya, saboda haka tambayar fuskanta ba ta taso masa ba. Duk da haka daga kansa ya dace a fara, domin shi ya koya wa masana abin da ke tura ƙwayoyi zuwa tsari. A 1957 Berni Alder da Thomas Wainwright a Amurka, tare da wani aiki na William Wood da J. D. Jacobson a shekarar, sun kwaikwayi taurarun ƙwallaye a kwamfuta, ƙwallayen da ba sa jan juna ba sa korar juna, abin da kawai aka haramta musu shi ne ɗaya ya shiga jikin ɗaya. Sakamakon ya nuna suna jeruwa su zama kiristal idan cunkoso ya yi yawa, kuma masana da dama sun ƙi yarda, domin a tunaninsu ba a samun kiristal sai da wani ƙarfi mai haɗa ƙwayoyi. Daga baya aka tantance adadin: jeruwa tana farawa idan ƙwallayen suka cinye kashi 49.4 cikin ɗari na fili, tana kammaluwa a kashi 54.5. A 1986 Peter Pusey da William van Megen suka ga haka da ido a cikin kwalabe, da ƙwallayen roba da aka lulluɓe don kada su manne.

Bayanin yana ga abin da ake kira entirofi, wanda aka saba fassarawa da hargitsi, fassarar da ke ɓatar da mai karatu a wannan fage. Ma'anarsa ta ainihi ita ce yawan hanyoyin da taron ƙwayoyi zai iya kasancewa a cikin wani hali. Idan wuri ya cika kuma aka zauna barkatai, kowa ya tokare maƙwabcinsa, ba mai iya motsa gwiwa. Idan aka jeru, an rasa 'yancin zama inda aka ga dama, amma kowa ya sami ɗan sarari a kewayensa da zai muskuta. Da zarar ribar muskutawa ta rinjayi asarar barin zaman barkatai, sai tsari ya zama shi ne halin da ya fi yawan hanyoyi, sai taron ya faɗa cikinsa da kansa. Duk abin da zai biyo baya a wannan bayani ciniki ne irin wannan, sai dai da zarar ƙwaya ta bar siffar ƙwallo, wani sabon 'yanci ya shigo cinikin, wato 'yancin juyawa.

Tsinke ne ya fara bayyana wannan, kuma tun kafin zancen ƙwallaye. A 1936 Frederick Bawden da Norman Pirie da J. D. Bernal da Isidor Fankuchen a Ingila sun yi nazarin bairos ɗin da ke sa ganyen taba ya yi dabbare-dabbare, wanda siffarsa ta miƙaƙƙen tsinke ce mai tsawon nanomita 300 da kaurin 18. Sun ga idan bairos ɗin ya yi yawa a ruwa, ruwan yakan rabu gida biyu: na sama tsinkayensa suna kallon ko'ina, na ƙasa kuma sun kwanta sun bi ɓangare ɗaya, duk da cewa har yanzu ruwa ne mai kwarara. Irin wannan hali, mai tsarin fuskanta ba tare da tsarin mazauni ba, ana kiransa nematik, daga kalmar Girkanci mai nufin zare, kuma danginsa ne ke aiki a fuskar yawancin talabijin da kwamfutoci, sai dai can molikul ne ke yin sa.

Lars Onsager, ɗan asalin Norwe da ke koyarwa a Jami'ar Yale, shi ya warware lissafin a 1949, kuma hujjarsa ta cancanci a tsaya a kanta. Kowace ƙwaya tana da wani fili a kewayenta da ta hana tsakiyar wata ƙwayar shiga. Ga ƙwallo, wannan haramtaccen fili ya ninka girman ƙwallon sau 8, ko ta ina aka juya shi. Ga tsinke kuwa ya danganta da yadda tsinkaye biyun suka kwanta. Idan sun yi kafaɗa da kafaɗa, filin sau 8 ne shi ma. Idan ɗaya ya gitta wa ɗaya, filin yana kumbura gwargwadon tsawonsu, har ga tsinken da tsawonsa ya ninka kaurinsa sau 100, gittawa tana hana filin da ya haura girman tsinken sau 250. Duk wanda ya zubar da kwalin ashana ya yi ƙoƙarin mayar da ita ba tare da ya jera ba ya san wannan a aikace. To, tsinkayen koloyid suna sayar da 'yancin juyawa su sayi 'yancin gusawa. Ƙa'idar Onsager ta nuna cewa ga dogayen tsinkaye irin waɗancan, jeruwa tana farawa tun sun cika kashi 3.3 cikin ɗari na fili kawai, tana kammaluwa a wajen kashi 4.2, wato tun ruwan yana da sarari mai yawa. Canjin kuma ba a hankali yake zuwa ba. Ma'aunin da ake auna daidaiton fuskanta da shi yana tafiya daga sifiri, inda ba tsari sam, zuwa ɗaya, inda kowane tsinke ya miƙe daidai da sauran, kuma a wannan gaɓa yana tsallakawa daga sifiri zuwa kusan 0.8 a lokaci guda.

Ƙa'idar ta yi daidai ne ga tsinkaye masu tsawon gaske, saboda haka aka koma ga kwamfuta don sanin makomar gajeru. Daan Frenkel da abokan aikinsa a Holan sun shafe shekaru a kan wannan, kuma a 1997 shi da Peter Bolhuis suka fitar da cikakkiyar taswirar halayen sanda mai mulmulallen kai biyu. Abin da taswirar ta nuna yana da tsabta ƙwarai. Idan tsawon gangar sandar ya ninka kaurinta fiye da sau 3.7, ƙara cunkoso yana kai ta daga ruwa mara tsari zuwa nematik, daga nan zuwa wani hali da ake kira simektik, inda sandunan ke rabuwa hawa-hawa kamar rake da aka ɗaure dami-dami aka tsayar bisa juna, amma a cikin kowane hawa suna yawo yadda suka so, sannan daga ƙarshe su zama cikakken kiristal. Tsakanin 3.1 da 3.7 nematik ya ɓace, simektik ya rage. Ƙasa da 3.1 babu ko ɗaya, ruwan yana daskarewa kai tsaye zuwa kiristal. A dogayen sanduna ke nan fuskanta ce ke riga zuwa, mazauni ya biyo baya kashi-kashi. An ga wannan jeri a gwaji da bairos mai suna fd, mai tsawon nanomita 880, a ɗakin binciken Seth Fraden da Zvonimir Dogic a Jami'ar Brandeis, an kuma gan shi da sandunan silika da aka fara ƙerawa a Jami'ar Utrecht ta Holan a 2011.

A can ƙarshen taswirar, inda gangar sandar ba ta kai kashi 35 cikin ɗari na kaurinta ba, lamarin ya juye. Ƙwayar ta yi kusa da ƙwallo har maƙwabtanta ba sa jin bambancin idan ta juya, saboda haka ƙwayoyin suna kama gurabensu a jeri amma kowace tana ci gaba da wulwulawa a gurbinta. Wannan shi ne kiristal mai juyi, halin ɗaliban da malaminsu bai shigo ba. Sai an ƙara matsi, tazara ta ragu har tsinin kowace ƙwaya ya fara karo da na kusa, sannan juyin ke tsayawa. Molikul ma suna yin haka: molikul ɗin kabon mai atom 60, mai siffar ƙwallon ƙafa, yana juyawa a cikin kiristal ɗinsa a ɗumin ɗaki, ba ya natsuwa sai sanyi ya kai wajen digiri 13 ƙasa da sifiri.

Faifai, wato ƙwaya mai faɗi mara kauri, yana bin hanyar tsinke ne da ɗan bambanci. Shi ma yana yin nematik, amma da cunkoso ya ƙaru sai ya hau kan juna kamar kwabban da aka jera, ginshiƙan kuma su tsaya kusa da juna cikin tsarin kusurwa shida. A shekarar 2000 Felix van der Kooij da Henk Lekkerkerker da abokiyar aikinsu sun nuna haka a Utrecht da faya-fayan ma'adinin gibsayit.

Inda lissafi ya fi rikitarwa shi ne ƙwayoyi masu shimfiɗaɗɗun fuskoki da kusurwoyi, waɗanda a yau ake iya ƙerawa da zinariya ko azurfa ko silika. A nan ba tsawo ke magana ba, fuska ce. Idan ƙwayoyi biyu suka haɗa fuska da fuska, filayen da suka haramta wa sauran suna shiga cikin juna sosai, sai ragowar taron ya sami ƙarin wurin motsi. Idan kusurwa ce ta tokare fuska, an yi asarar fili a banza. Saboda haka taron yana tura kowane biyu su daidaita fuskokinsu, tamkar an shafa wa fuskokin gam alhali ba a shafa komai ba. Sharon Glotzer da ɗalibanta a Jami'ar Michigan sun auna ƙarfin wannan turi a kwaikwayon kwamfuta, suka same shi ya ninka ƙarfin rawar ɗumi 'yan sau, wanda ya isa ya tsara taro. Kiyub, mai siffar dunƙulen sukari, shi ne misali mafi sauƙi, kuma shi ma yana da abin mamakinsa. A 2012 Frank Smallenburg da Laura Filion da Matthieu Marechal da Marjolein Dijkstra sun gano cewa kiristal ɗinsa yana jure guraben da ba kowa har kashi 6.4 cikin ɗari, alhali a kiristal ɗin ƙwallaye ba su kai ɗaya cikin dubu ba. Dalili shi ne fuskokin da suka daidaita sun mayar da kowane layi kamar kwata, kiyub yana silalewa gaba da baya a cikinsa, gurbin da ba kowa kuma ya rabu a kan dukan layin maimakon ya tsaya wuri guda. Tsarin fuskanta ne a nan yake riƙe da ginin, har ya ba tsarin mazauni damar yin sako-sako.

A wannan shekara ta 2012 Pablo Damasceno da Michael Engel da Glotzer suka gwada siffofi 145 masu fuskoki, kowace ita kaɗai, suka bar su su jera kansu a kwamfuta. Sakamakon ya kasu gida huɗu: cikakken kiristal, kiristal mai juyi, ruwa mai tsarin fuskanta, da waɗanda suka cushe ba tare da sun sami tsari ba. Sun kuma nuna cewa ma'auni biyu sun isa a yi hasashen gidan da yawancin siffofin za su faɗa: kusancin siffar da ƙwallo, da yawan maƙwabtan da ke kewaye da kowace ƙwaya tun tana cikin ruwa. Masu ƙananan fuskoki da yawa, da suka kusa mulmulewa, sun fi zama kiristal mai juyi. Masu manyan fuskoki kaɗan sun fi kulle fuskantarsu tun farko. Wasu kuma sun gina tsare-tsaren da a da sai a ƙarafa aka san su, har da wani mai ƙwaya 52 a cikin kowane sashe da ke maimaituwa, duk daga siffa ɗaya tilo.

Akwai wani zato da ke saurin zuwa wa mutum, cewa tun da cunkoso ne ke haddasa tsari, to ƙwayoyi za su zaɓi jerin da ya fi kowane cika fili. Ga ƙwallo zaton ya yi daidai: jerin da mai lemo ke yi a kan tebur, wanda Johannes Kepler ya ce a 1611 shi ne mafi cika da kashi 74 cikin ɗari, Thomas Hales kuma ya kawo hujjarsa a 1998, irinsa ne ƙwallayen koloyid ke ginawa. Ga wasu siffofin ma ya yi daidai, kamar ƙwayoyin azurfa masu fuska takwas da ƙungiyar Peidong Yang ta bari suka kwanta a hankali a Berkeley ta Amurka, suka jeru yadda lissafin Hermann Minkowski ya nuna ya fi cika. Amma dala mai fuska huɗu ta karya zaton. Aristotle ya ɗauka irin wannan dala tana cike fili ba giɓi, kuskuren da ya daɗe ƙarnuka. Gaskiyar ita ce idan aka kewaya guda biyar a kan gefe ɗaya, giɓin digiri 7.36 yana raguwa. Jeri mafi cika da aka sani gare ta, wanda aka samo a 2010, yana cin kashi 85.63 cikin ɗari, an gina shi ne da dala bibbiyu manne fuska da fuska. Da aka bar dalolin su jera kansu a kwamfuta, a aikin Amir Haji-Akbari da abokansa na 2009, ba wannan suka gina ba. Sun gina wani tsari mai ninki 12, wato in aka juya shi kashi ɗaya cikin 12 na cikakken zagaye sai ya koma kamarsa, wanda kuma ba ya taɓa maimaita kansa daidai, dangin wanda Dan Shechtman ya fara gani a gaurayen ƙarafa a 1982. Dalilin bambancin a fili yake idan aka koma ga cinikin entirofi: ƙwayoyi suna yanke shawara ne a lokacin da kusan rabin fili kawai ya cika, sa'ad da tambayar ita ce wane jeri ya fi barin wurin muskutawa da ɗan juyi, wannan kuma ba lallai ya zama jerin da zai fi cika ba idan an matse su har ƙarshe. A ganina wannan ne darasin da aka fi yawan tsallakewa idan ana sauƙaƙa wannan fanni ga masu koyo.

Abin da ya fi ba masu gwaji wahala kuwa shi ne ƙanƙantar canjin siffa da ke iya sauya sakamako gaba ɗaya. Kwaikwayon kwamfuta ya nuna cewa murabba'i mai kaifin kusurwa, idan aka shimfiɗa shi a bai-ɗaya, yana fara daidaita fuskantarsa ta ɓangare huɗu sannan ya jeru kamar tayil. A 2011 Kun Zhao da Robijn Bruinsma da Thomas Mason a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles suka ƙera irin waɗannan murabba'ai suka saka su a ruwa, sai suka ga wani abu dabam: da farko kiristal mai juyi a tsarin kusurwa shida, daga baya kuma karkataccen jeri wanda layukansa suka zame wa juna. Shekara ɗaya bayan haka Carlos Avendaño da Fernando Escobedo na Jami'ar Cornell suka gano musabbabin, wato kusurwoyin murabba'an gwajin sun ɗan dakushe wajen ƙira. Dakushewar kusurwa tana sauƙaƙa juyi, tana kuma barin rami a mahaɗar kowane huɗu, ramin da zamewar layi ke rage shi. Masu lissafi suna da dangin siffofi da ke tafiya daga ƙwallo zuwa kiyub ta hanyar sauya lamba ɗaya, kuma Laura Rossi da Stefano Sacanna da abokan aikinsu sun samar da su a zahiri: suna lulluɓe kiyub ɗin ma'adinin hematayit da silika, sannan su narkar da cikin da asid, kaurin silikar kuma shi ke ƙayyade dakushin kusurwa. Da waɗannan ƙwayoyi aka ga jeri yana sauyawa daga kusurwa shida zuwa karkatacce zuwa murabba'i, kuma a 2017 Janne-Mieke Meijer da abokanta suka ga, a cikin tulin da ya kwanta a kwalba, kiristal mai juyi a sama inda matsi ba shi da yawa, da karkataccen kiristal mai tsayayyar fuskanta a ƙasa inda nauyi ya danne.

Ƙarƙashin wannan duka akwai tambayar ko siffar ƙwaya ta yi jituwa da siffar jerin da za ta zauna a ciki. Mai kusurwa uku da mai huɗu da mai shida suna iya rufe daɓe ba giɓi, don haka fuskantar kowace tana taimaka wa jerin. Mai kusurwa biyar ba ta da jerin da zai karɓi ninkinta, sai ta zauna a tsarin kusurwa shida tana juyi, ba ta natsuwa sai an matse ta sosai. Wani babban kwaikwayo na 2017 daga Michigan ya nuna cewa masu uku da huɗu da shida suna narkewa a hankali ta wani hali na tsakiya, mai biyar tana narkewa farat ɗaya, daga mai bakwai zuwa sama kuwa kusurwoyin sun yi yawa har sun daina tasiri, suna narkewa kamar zagayayyen faifai.

Dole ne kuma a yi hattara da kalmar siffa kanta, domin abin da maƙwabciyar ƙwaya ke ji ba koyaushe ne abin da hoto ke nunawa ba. Idan aka zuba ƙananan molikul na roba a ruwan, suna matso manyan ƙwayoyi su haɗu don su kansu su sami fili, kamar yadda Sho Asakura da Fumio Oosawa suka bayyana a Japan a 1954, kuma wannan matsi ya fi ƙarfi a kan shimfiɗaɗɗun fuskoki, wato yana ƙara wa siffa kaifi. A gwajin Rossi, sauya girman waɗannan ƙananan kaɗai ya isa ya sauya jerin. Rigar molikul masu laushi da ake sa wa ƙwayoyin nanomita don kada su manne tana yin akasin haka, tana rufe kusurwa ta mayar da ƙwaya kamar ƙwallo. Shi ya sa ƙwayoyin gaurayen darma da farar wuta kan iya jeruwa kamar ƙwallaye muddin rigarsu tana jiƙe ta kumbura, amma da ruwan ya ƙafe, fuskoki suka kusanci juna, sai jerin ya sauya kuma atom ɗin da ke cikin dukan ƙwayoyin su bi layi ɗaya. Ana bambance mazauni da fuskanta ta hanyar haska wa ƙwayoyin hasken eksire: wanda ya karkace kaɗan yana ba da labarin mazauni, wanda ya karkace da yawa yana ba da labarin fuskanta. Wannan daidaito yana da muhimmanci a aikace, domin lantarki yana ratsa ƙwayoyin da fuskokinsu suka dace fiye da waɗanda suka saɓa, kuma da shi ne ƙungiyar Daniel Vanmaekelbergh ta Utrecht ta samar a 2014 da wani siririn shimfiɗi mai tsarin saƙar zuma, inda ƙwayoyin suka haɗe ta wasu takamaiman fuskoki kawai.

Cajin lantarki a jikin ƙwaya ya fi duka iya ɓoye siffa. A 2014 Bing Liu da Alfons van Blaaderen da abokan aikinsu suka saka sandunan silika masu caji a cikin wani ruwa mai ƙarancin gishiri, inda korar da ke tsakanin sanda da sanda ke kaiwa nesa har ta zarce tsawon sandar. Bisa taswirar Bolhuis da Frenkel, sanduna masu tsawo irin nasu ba su da hurumin zama kiristal mai juyi. Amma tun da kowace tana zaune a tsakiyar wani faffaɗan da'irar kora da ta kusa zama ƙwallo, sai suka kama gurabe a jeri suna wulwulawa, ana kallonsu ɗaya-ɗaya a madubi. Da aka ƙara yawansu, jerin ya rushe suka cushe barkatai, amma juyin bai tsaya ba. Sai masu binciken suka kunna filin lantarki daga waje: sandunan suka miƙe suka fuskanci ɓangare ɗaya, kuma da fuskanta ta daidaita sai mazauni ya biyo ta, cushewar ta warware ta zama cikakken kiristal. Da aka kashe wutar, sandunan suka koma juyinsu, jerin ya sake watsewa.